Raƙuman Mayanka da Nauyin Rabin Sani

Raƙumi ba baƙo ba ne a Maiduguri. Tun zamanin ayarin hamada yake shigowa ƙasar Borno da kanwa da gishiri da dabino, yau kuma fatake suna koro shi daga Chadi da Nijar, ya ƙare tafiyarsa a mayankar gari. Daga can namansa yake rarrabuwa zuwa teburan mahauta, ya shiga tukwanen unguwanni irin su Lamisula, gidan Musulmi da gidan Kirista, sau da yawa ba tare da uwargida ta tambaya ko na sa ne ko na raƙumi ba. Saboda haka duk abin da masana suka gano a jikin wannan dabba ya shafi iyalin da ba su taɓa riƙe akala ba.

Tsakanin 2010 da 2011 likitocin dabbobi sun ɗebi jinin raƙuma 358 a mayankun jihohin Kano, Sakkwato, Borno da Adamawa. Wata cuta dabam suke nema a lokacin. Suka gama aikinsu, suka adana sauran jinin. Bayan 'yan shekaru, da labarin wata sabuwar cutar numfashi ya fito daga Saudiyya, sai aka koma kan wannan ajiyayyen jini aka sake gwada shi. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na raƙuman suna da alamar cewa ƙwayar cutar da ake kira MERS ta taɓa ratsa jikinsu. Wannan ƙwaya daga dangin korona take, dangin da ya haifi SARS a ƙasar Sin a 2002, ya kuma haifi annobar da ta rufe makarantu da majami'u da masallatai a 2020. Cikin mutum sama da 2,600 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da MERS tun 2012, wajen ɗaya cikin uku sun rasu. Duk da haka ba a taɓa tabbatar da ko mutum ɗaya da ya kwanta da ita a Nijeriya ba.

Daga nan wata tambaya take tasowa, wadda ɗakin gwaje-gwaje ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba. Idan masani ya hango haɗari, bai kuwa tabbatar da girmansa ba, kuma faɗinsa zai iya taɓa abincin wani bawan Allah, wajibi ne ya faɗa, ko ya ja bakinsa har sai ya tabbatar? Wanda ya san abu sarai ba shi da hujjar yin shiru, wanda bai san komai ba kuwa ba shi da abin faɗa. Wahalar tana kan wanda ya san rabi.

Mutumin da ya fara ganin wannan ƙwaya ya ɗanɗani wahalar da kansa. Sunansa Dakta Ali Mohamed Zaki, ɗan ƙasar Masar, masanin ƙwayoyin cuta a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. A watan Yuni na 2012 aka kawo wani dattijo mai shekara 60 da ciwon huhu mai tsanani, ƙodarsa ta daina aiki, ya rasu. Gwajin cututtukan da aka sani bai nuna komai ba. Zaki ya aika samfur zuwa ɗakin binciken Erasmus a birnin Rotadam na ƙasar Holan, inda Ron Fouchier da abokan aikinsa suka tabbatar cewa sabuwar korona ce. A ranar 20 ga Satumba na wannan shekara Zaki ya sanar da likitocin duniya ta intanet. Cikin 'yan kwanaki likitoci a Landan suka gwada wani majinyaci ɗan Katar da ciwonsa ya ɗaure musu kai, suka sami ƙwayar. Amfanin maganarsa ke nan, nan take. Ladan da ya samu kuwa shi ne ya rasa aikinsa, ya koma Masar. Hukumomin Saudiyya sun koka cewa an fitar da samfurin ba da izininsu ba, kuma masu binciken Holan sun nemi rajistar haƙƙin mallaka a kan abin da suka gano. Kukan nan ba na banza ba ne ɗungurungum, domin ƙasa tana da haƙƙi a kan abin da aka ɗiba daga jikin mutanenta. Amma da Zaki ya jira har kowa ya gamsu, da likitocin Landan sun ci gaba da lalube cikin duhu.

Abin da aka gano a Arewa ya fi na Jidda wuyar faɗa, domin ya zo ne kashi-kashi, kowane kashi yana gyara na bayansa. A watan Janairu na 2015 masana daga Jami'ar Hon Kon, ƙarƙashin Farfesa Malik Peiris, tare da abokan aikinsu 'yan Nijeriya, sun shiga babbar mayankar Kano. Cikin raƙuma 132 da aka gwada majinarsu, 14 suna ɗauke da ƙwayar a lokacin. Wato maganar ta wuce alamar tsohon ciwo a cikin jini. Ƙwayar tana nan a hancin dabbobin da ake kayarwa ana yankawa kowace safiya. Sai aka juya kan mutane. A 2016 aka ɗebi jinin ma'aikatan mayankar su 261, masu mu'amala da raƙuma, da yawansu ma suna shan ɗanyen nononsu. Ba a sami garkuwar cutar a jinin ko ɗayansu ba. Mai karanta wannan sakamako zai iya cewa magana ta ƙare, ƙwayar raƙuman Afirka ba ta kama mutum.

Sai dai ba ta ƙare ba. Jikin ɗan Adam yana ajiye tarihin cuta ta hanya fiye da ɗaya. Ban da sinadaran garkuwa da ke yawo cikin jini, waɗanda kan dushe da wuri idan ciwon bai yi tsanani ba, akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, masu riƙe kamannin abokin gaba na tsawon lokaci. Da aka gwada wannan ɓangare, cikin binciken da aka buga a ƙarshen 2020, sai ga mutum 18 cikin ma'aikata 61 masu taɓa raƙuma a mayankar Kano jikinsu ya gane ƙwayar MERS, alhali ba a ga haka ga waɗanda ba sa taɓa raƙuma ba. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar tana shiga mutane a nan, tana wucewa ba a sani ba. Wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna irin ƙwayar da ke raƙuman Afirka ya bambanta da na ƙasashen Larabawa, bai kai shi ƙarfin hayayyafa a huhun mutum ba. Kuma an sami alamar cutar a ajiyayyen jinin raƙuman Sudan da Somaliya na shekarar 1983, abin da ke nuna ta daɗe a nahiyar nan ba tare da an ga annoba ba.

To, me za a gaya wa mahaucin Maiduguri? Cewa akwai cuta mai kashe ɗaya cikin uku a hancin dabbar da yake fawa da ita? Gaskiya ne. Cewa ba a taɓa tabbatar da wanda ta kwantar a ƙasar nan ba? Shi ma gaskiya ne. Kowace ɗaya aka faɗa ita kaɗai, an yaudare shi, ko da ba a yi ƙarya ba.

Masu ra'ayin a yi shiru ba miyagu ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Sun ga abin da sanarwa take yi wa talaka. A watan Fabrairu na 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kasuwar kaji da ƙwai ta faɗi a ko'ina, har a garuruwan da cutar ba ta je ba. Diyyar da gwamnati ta sa, naira 250 kan kowace kaza, ba ta kai kuɗin kiwonta ba, matan da ke biyan kuɗin makaranta da kajin bayan gida kuwa ba wanda ya ƙirga asararsu. Masu sana'ar dabbobi a Borno sun riga sun sha nasu: hanyoyin kan iyaka sun rufe saboda rikici, garkuna sun salwanta, a 2016 kuma gwamnatin jiha ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu saboda zargin ana sayar da dabbobin sata a cikinsu. Mutumin da ya ratsa duk wannan, ya rage da wuƙarsa da teburinsa, a ce kuma a ɗora masa sunan cuta a kan abin da bai kwantar da kowa ba a garinsu? Duniya ma ba ta saka wa mai faɗin gaskiya da alheri ba. A watan Nuwamba na 2021 masanan Botsuwana da Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona mai suna Omikron da zarar sun gan shi. Amsar da suka samu ita ce rufe musu hanyoyin jiragen sama, har Birtaniya ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana a watan Disamba, alhali nau'in ya riga ya shiga Turai.

Akwai kuma wata hujja da ba a cika faɗa a fili ba, wadda ya kamata iyalan masu bi su dube ta da idon basira. A gari irin Maiduguri, inda mutane suka sha wuya tare amma zato bai gama barin zukata ba, cuta takan sami ƙabila da addini da sauri. Fawa da fataucin raƙuma galibi sana'ar maƙwabta Musulmi ce, kuma ƙasar da cutar ta fi yi wa ɓarna ita ce ƙasar da suke zuwa aikin Hajji. Ba wuya maganar likita ta rikiɗa a bakin jama'a ta zama "cutarsu". Wanda ya ji tsoron haka ya ce gara a yi shiru, ba za a ce masa ba shi da hankali ba. Sai dai ƙwayar ba ta san wannan rabe-rabe ba. Rukunin farko na masu ciwon da aka gano daga baya, na watan Afrilu 2012, ma'aikatan asibiti ne a garin Zarka na ƙasar Jodan. Maziyarcin Ƙasa Mai Tsarki da ya hau raƙumi a Yariko don ɗaukar hoto shi ma ya shaƙi numfashin dabbar. Asibitocin Borno kuwa cike suke da 'ya'yan ikkilisiya masu aikin jinya, waɗanda su ne za su fara tarar mai tari, ko wane ne shi.

Duk da nauyin waɗannan hujjoji, shiru yana da lahani guda da ba ya gyaruwa: yana ƙwace wa mutum shawarar da tasa ce. Masanin da ya ce kada a gaya wa mahauci don kada hankalinsa ya tashi, ya riga ya yanke hukunci a madadinsa cewa cinikinsa ya fi huhunsa daraja. Mai yiwuwa mahaucin da kansa zai zaɓi haka. Yawancin masu sana'a mai haɗari suna zaɓar ci gaba da ita, da saninsu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shiga kogi ya san zurfinsa da wanda aka bari ya shiga aka ce masa tudu ne. Kuma haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa. MERS ta fi kayar da masu ciwon sukari, masu ciwon ƙoda da masu daɗaɗɗen ciwon huhu. Saurayi mai jini a jika zai iya ɗaukarta ya warke bai sani ba. Mahaifinsa mai ciwon sukari, wanda har yanzu yake zuwa mayanka don duba yara, labarinsa dabam ne. Shirun da aka yi don kare cinikin ɗan, uban ne zai biya kuɗinsa. An ɗebi jinin raƙumi ba a tambaye shi ba, ba kuma za a koma a ba shi bayani ba, domin dabba ne. Mutumin da ya miƙa hannu aka ɗebi nasa yana da haƙƙin jin abin da aka gani, in ba haka ba an daidaita shi da dabbar da yake yankawa.

Lahani na biyu shi ne shiru yana makantar da likita. Shekara da shekaru, idan ana neman MERS a Afirka, mai tari da ya dawo daga Saudiyya ake nema, domin waɗanda aka tabbatar a Masar da Aljeriya da Tunisiya duk suna da alaƙa da tafiya can. Mahaucin da bai taɓa wuce Damaturu ba, in ya zo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, za a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na ciwon huhu, in ya warke ya tafi, in ya rasu a binne shi kafin la'asar. Don haka kalmar "ba a taɓa tabbatarwa ba" tana iya nufin babu, tana kuma iya nufin ba a duba ba. Abin da ya sa wannan ya zama abin kula shi ne yadda cutar take yaɗuwa. A raƙumi ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga tana cikin hanci, shi ya sa iyakarta gare shi 'yar mura. A mutum kuwa ƙofar tana can cikin huhu, shi ya sa ba ta saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum a kasuwa, amma tana yin ɓarna a ɗakin jinya, inda ake kusantar mai ciwo. A watan Mayu na 2015 mutum ɗaya ya koma Koriya ta Kudu daga Gabas ta Tsakiya, ya zaga asibitoci kafin a gane ciwonsa. Gwamnati ta ƙi bayyana sunayen asibitocin na tsawon makonni, don kada jama'a su firgita, kada kuma asibitocin su yi asara. Kafin abin ya lafa mutum 186 sun kamu, 38 sun rasu, an killace sama da 16,000. Dalilin shirun hukumomin Koriya shi ne dalilin da ake kawowa a nan, kuma ga inda ya kai su.

Arewa ma tana da nata darasi, mai ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin da ya rage a zukatan mutane shi ne an san wani abu an ɓoye musu. Da aka zo da allurar shan inna, wadda ba ta da laifin komai, sai tsohon zato ya tashi, aka dakatar da ita a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yara na ƙarshe da nau'inta na daji ya shanye a Nijeriya, a 2016, 'yan Borno ne. A watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin da masu haƙan kabari a Kano suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu, an fara jingina mace-macen ga hawan jini da ciwon sukari da zazzaɓi. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mutuwa 979 da aka bincika, rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. A makonnin da ke tsakani mutane sun ci gaba da cika gidajen makoki. A Maiduguri ma, mutum na farko da aka tabbatar, ma'aikacin jinya ne da ke aiki a Pulka, wanda ya rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ranar 18 ga Afrilu, sakamakon gwajinsa ya fito bayan ransa ya fita, bayan abokan aiki da yawa sun yi jinyarsa.

Idan haka ne, wajibin faɗa ya tabbata. Abin da ya rage shi ne yadda za a faɗi abin da ba a gama sani ba, ba tare da an ƙara masa gishiri ko an rage masa ba. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wani tsohon tsari da ya dace da wannan, a Littafin Firistoci sura 13. Idan aka kawo wa firist mutum mai tabo a fata, tabon bai nuna sarai ko kuturta ce ba, doka ba ta ba shi damar sallamar mutumin don tausayi ba, ba ta kuma ba shi damar korarsa bayan zango don tsoro ba. Zai keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa, in har yanzu da shakka ya ƙara bakwai. Wato akwai hukunci na uku tsakanin "tsarkakakke" da "marar tsarki", shi ne "ba a gama dubawa ba". Wannan hukunci yana da wa'adi, mai dubawa kuma ya ɗaure kansa da alkawarin dawowa. Masanin zamani da ya ce wa jama'a, ga abin da aka gani, ga abin da ba a gani ba tukuna, ga abin da za a yi kafin a sake dubawa, yana tsaye ne a wannan matsayi. Matsayi ne mai wuya, domin jama'a sun fi son a ce musu i ko a'a, kuma idan bincike na biyu ya gyara na farko sai su ce masana ba su san abin da suke yi ba. Alhali sakamakon Kano na 2020 da ya gyara na 2016 shaida ce cewa an koma an sake dubawa.

Sa'an nan akwai maganar harshe da wuri. Duk binciken da aka ambata an buga su ne da Turanci, a mujallun likitoci na Turai da Amurka. Wannan ya sauke nauyin da ke tsakanin masani da masani. Bai sauke wanda ke tsakanin masani da mai wuƙa ba. Sanin da bai sauko cikin Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa ba, bai bi ta bakin Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa da gidan rediyo ba, a wurin mai sana'a daidai yake da wanda aka kulle a akwati. Kuma abin da ake bukata ya sani bai taka kara ya karya ba, ba kuma zai rushe kasuwa ba: a wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba, a rufe hanci da baki wajen yanka da fiɗa, a guji raƙumi mai zubar majina, musamman 'yan ƙanana domin su suka fi ɗaukar ƙwayar, a tafasa nono, a dafa nama ya nuna, mai ciwon sukari ko na ƙoda ya ja baya daga garke. Naman da ya dahu sosai a tukunyar Lamisula ba abin tsoro ba ne. Gaskiyar da aka faɗa da cikarta, a nan, ta fi jita-jita sauƙi ga ciniki. Mutanen da suka tashi da tsakar dare a watan Agusta na 2014 suna wanka da ruwan gishiri suna sha don tsoron Ibola, har wasu suka rasa rayukansu, sun nuna abin da ke cika wurin da bayani ya bari.

Nauyin ba a kan masana kaɗai yake ba. Idan ana so mai gani ya faɗa, dole mai ji ya daina jifansa. Gidan da ya ji labarin raƙuma ya daina gaisawa da mahaucin unguwa, ko ya mai da shi abin ba'a a gaban yara, ya koya wa kowane mai sana'a cewa gobe in ma'aikatan lafiya sun zo da allurar ɗibar jini ya ɓuya. Hakan nan ikkilisiyar da ta ɗauki jan kunnen likita a matsayin rashin bangaskiya, ta sa ma'aikaciyar jinya da ke cikin ƙungiyar mawaƙa ta haɗiye abin da ta gani a asibiti. Mutum 261 ɗin nan na Kano sun miƙa hannuwansu saboda cutar da ba ta kwantar da su ba, don amfanin mutanen da ba za su taɓa gani ba. Wannan aikin maƙwabtaka ne, ko da ba su kira shi da wannan suna ba, kuma ya cancanci godiya daga waɗanda ke sayen nama a hannun irinsu.

Irin wannan bincike kuwa yakan dawo gida ta hanyar da ba a zata ba. Kafin 2020 Farfesa Sarah Gilbert da abokan aikinta a Jami'ar Okusfod suna aikin allurar rigakafin MERS, har sun fara gwada ta a kan mutane. Da sabuwar korona ta ɓullo, a kan wannan tushe suka gina allurar AstraZeneca, wadda kashin farko nata, kusan miliyan 4, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, ita ce kuma aka fara yi wa ma'aikatan lafiya a jihohi, har da Borno. Cutar raƙumi da ake gani kamar ba ta shafi kowa ba ita ta share hanyar. Amma dawowar ba ta zo da adalci cikakke ba. Ƙasashe masu arziki sun riga sun saye yawancin alluran, abin da suka aiko daga baya wani ya zo dab da lalacewa, har a watan Disamba na 2021 Nijeriya ta lalata sama da miliyan 1 da wa'adinsu ya wuce. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka suka dage, a yarjejeniyar annoba da Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Mayu na 2025, cewa ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta ta sami rabo a magani da allurar da aka yi da shi. Ita ce dai gardamar da ta taso a kan samfurin Jidda, ta girma ta zama ta duniya.

Kafin manyan ƙasashe su gama nasu, akwai ɓangaren da ke hannun iyali da ƙaramin asibitin unguwa. Mai sana'ar raƙuma, ko matarsa, ko yaron da ke ɗauko masa kaya, in zazzaɓi ya zo da tari da sarƙewar numfashi, ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi. Ma'aikaciyar jinya kuma, in aka kawo mata mai irin wannan ciwo, ta rufe hancinta da bakinta kafin ta kusance shi, ta ware masa gado, ta tambayi aikin da yake yi kamar yadda take tambayar ko ya yi tafiya, ta rubuta amsar a katinsa inda likita zai gani.